Dutsen nan mai baƙanta yatsa: moli ne ko bakin fensir, kuma me ya kai manyan mahaƙansa kan tsaunuka?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, ban samu zama ba ne sai yau, kuma abun ba na layi biyu ba ne shi ya sa na bari sai na natsu. Bari in maimaita ta a gajarce saboda waɗanda ba su gani ba: ka ce ƙaninka da ke zuwa haƙa ta wajen Saminaka ya kawo maka wani farin dutse mai ɓarɓashin wani abu mai ƙyalli kalar toka-toka, in ka murza sai ya baƙanta maka yatsa, wani dillali a nan Kaduna ya ce masa ai "moli" ne kuma 'yan Chaina na nemansa ruwa a jallo. Shi ne kake tambaya mene ne moli ɗin, da gaske akwai shi a ƙasar nan, kuma me ya sa duk abin da ka karanta a kansa sai ka ga ana maganar tsaunukan Amurka masu dusar ƙanƙara. Sannan ka rufe da wadda na san ita ce ke cin ranka, wato ko ku zuba kuɗi a ramin.

Ni dai ilimin duwatsu na karanta a Zariya, na yi shekaru ina hawan duwatsun Filato da na kudancin Kaduna da guduma a hannu kafin gwiwa ta ce ta gaji, toh abin da na sani shi zan faɗa maka.

Kafin mu je Amurka bari mu fara da dutsen da ke hannunka, don abu uku ne ke kama da juna har su ruɗi mutum. Akwai molin kansa, sunan dutsensa molibdinait, haɗin ƙarfen molibdinam ne da farar wuta. Akwai girafait, wato abin da ke cikin bakin fensir. Akwai kuma dutsen tozali, wanda shi haɗin dalma ne da farar wuta. Kada ka ji kunya in ka kasa bambancewa, Turawa ma sun yi ɗaruruwan shekaru suna cakuɗa ukun nan, sunan ma kansa daga kalmar Girkawa ta dalma aka samo shi. Sai a 1778 wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Siwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya nuna cewa wannan dutse ba dalma ba ne ba kuma girafait ba, a 1781 wani ɗan ƙasarsu Peter Jacob Hjelm ya fitar da ƙarfen tsagwaronsa.

Ga yadda za ka yi a gida. Ka sa farce ka karce shi, moli da girafait duk farce na cin su, taushi gare su da santsi kamar sabulu. Ka sa bakin reza ka ɓanɓaro ɗan ɓawo ɗaya, na moli yana ɓarewa falle-falle kamar takardar da ke cikin kwalin sigari, in ka lanƙwasa shi sai ya zauna a lanƙwashe ba ya komawa, kuma ƙyallinsa yana da ɗan shuɗi-shuɗi irin na sabon kwano, shi kuwa girafait baƙi ne dushi-dushi. Sai ka samu kofin shayi na tangaran fari mai sheƙi ka goga, ka ƙara murza wurin da yatsa ka kai shi rana: moli yana barin zane mai ɗan kore-kore, girafait baƙin toka kawai. Nauyi ma yana faɗa, moli ya ninka ruwa nauyi sau 4.7, girafait sau 2.2 ne kacal, kaga ya ninka shi ke nan, sai dai wannan sai kana da dunƙule tsantsa za ka ji a hannu. Tozali kuwa ba ya ɓoyuwa, nauyinsa sau 7.5, in ka buga shi da guduma sai ya farfashe murabba'i-murabba'i kamar 'ya'yan magi. In ka ga haka toh dan Allah kada a daka shi a cikin gida, kada a bar yara kusa da ƙurar, ka tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a tsakar gida.

Uwar dutsen ma shaida ce. Ka ce fari ne, wannan ya ɗan karkata ga moli, don shi a cikin jijiyar kwaz yake zama, farin dutsen nan mai kamar gilashi, ita kuma jijiyar a cikin giranit, dutsen nan mai tauri da ake fasawa a yi tsakuwar gini. Girafait a cikin baƙin dutse mai ɓarewa falan-falan aka fi samunsa, kuma muna da shi a jihar nan ta wajen Saulawa a Birnin Gwari, shi ya sa ban yarda da maganar dillali ido rufe ba. In kuma ka ga wata hoda rawaya kamar garin kurkum a jikin tsagar dutsen inda ruwa ya daɗe yana duka, toh wannan tsatsar moli ce, alama ce mai kyau.

Amfaninsa kuwa kana taɓa shi kullum ba ka sani ba. Ka shiga kasuwar Panteka ka ɗauki baƙin soket ɗin da bakanikai ke kwance nocin tayar tirela da shi, za ka ga an buga Cr-Mo a jiki, Mo ɗin nan shi ne. Baƙin giris ɗin da ake cusa wa shaf ɗin mota, garin molibdinait ne a ciki, santsin nan da ka ji a yatsanka shi ake saye. Amma kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ake haƙowa a duniya cikin ƙarfe yake tafiya, don ɗan kaɗan aka zuba, ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba, sai ƙarfe ya ƙara tauri ya daina laushi in ya ɗau zafi. Shi kansa sai zafi ya kai digiri 2,623 yake narkewa. Bututun mai, tukunyar tururi, ƙarfen nan da ba ya tsatsa mai lamba 316 da ake amfani da shi a ruwan gishiri, wanda ke da kashi 2 zuwa 3 na moli, har matatun mai suna amfani da shi wajen cire farar wuta daga dizal. Manoma ma suna da rabo, 'yan ƙulle-ƙullen nan da ke jikin saiwar waken soya da gyaɗa, ƙwayoyin da ke cikinsu ba sa iya jawo taki daga iska sai da ɗan ƙwarya-ƙwaryar moli a ƙasa.

Yanzu tambayar tsauni, wadda ita ce ta fi min daɗi gaskiya.

Moli a ɓawon duniya kaɗan ne ƙwarai, wajen giram ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin tan guda na dutse. Kafin a ce ga mahaƙa sai wani abu ya tattara shi ya ninka shi sau ɗaruruwa ko dubbai a wuri guda, kuma abin da ke wannan aikin narkakken dutse ne. Ka ɗauka ga wani ƙaton curi na narkakken giranit ya taso daga ƙasa ya tsaya kamar kilomita biyu ko uku kafin ya fito fili, ya fara hucewa. Yana hucewa ma'adinan da suka saba suna daskarewa ɗaya bayan ɗaya, amma ruwan da ke narke a cikinsa da iskar gas da su moli ba su da masauki a cikin waɗancan, sai su yi ta taruwa a saura, sauran yana raguwa su suna ƙara kauri, suna hawa can ƙoƙon kan curin. Ka taɓa girgiza kwalbar lemo ka danne bakin da yatsa ai, toh haka abun yake, sai wata rana rufin ya kasa riƙewa ya tsattsage, tsaga dubbai ta ko'ina kamar gilashin mota da dutse ya buga, ruwan zafin nan ya kutsa cikin tsagogin, yana sanyi yana ajiye kwaz da molibdinait. Tsagar ta toshe, matsi ya sake taruwa, ya sake fasawa, a yi ta maimaitawa. Ƙarshe sai ka samu dutse da jijiyoyi sirara kamar zare sun sassarƙe shi, mafi yawansu ba su kai kaurin tsinken ashana biyu ba, kuma duk wurin in ka zana shi siffarsa kamar an kifa ƙwarya a kan curin giranit ɗin.

Me ya haɗa wannan da tsauni? Abu biyu. Na farko irin wannan narkakken dutse ba ko'ina yake tasowa ba, sai inda ɓawon duniya ke motsi, ko inda wani falle ke nutsewa ƙarƙashin wani kamar yadda ƙasan tekun Fasifik ke shigewa ƙarƙashin Kudancin Amurka ya tada tsaunukan Andis, ko inda ƙasa ke miƙewa tana shirin rabewa kamar a Kolorado da Niyu Meziko, kuma motsin da ke narka dutsen shi ne dai ke tada tsaunin. Na biyu shi mutane ke mantawa: abun a ƙarƙashin ƙasa ya haɗu, kilomitoci, toh wa zai tono maka shi? Sai ƙasa ta ɗaga sama, ruwa da ƙanƙara su yi ta zaizayar rufin shekara miliyoyi har ƙwaryar nan ta leƙo. In zaizayar ba ta kai ba yana binne ba ka gani, in ta wuce gona da iri ta cinye shi ya bi ruwa. Tsaunukan da ba su tsufa ba su ne suke daidai tsakiyar nan, shi ya sa mafi yawan manyan mahaƙan irin wannan dutsensu yaro ne a lissafinmu. Na Kolorado shekara wajen miliyan 30 ne, mu a wurinmu wannan jiya-jiya ne.

Wanda ka yi ta gani a karatunka inaga mahaƙar Climax ce, a jihar Kolorado kusa da garin Leadville, a jikin wani tsauni Bartlett. Bakin mahaƙar yana kan tudun mita wajen 3,450. Don ka gane, Kaduna da muke zaune mita 600 da 'yan kai ce daga teku, duwatsun Shere na Jos wajen 1,800, Chappal Waddi na Taraba da ya fi ko'ina tsawo a Najeriya 2,419, toh ka ɗora masa wata dubu guda a kai, nan mutane ke zuwa aiki kullum cikin dusar ƙanƙara da ƙarancin iska. A 1879 wani mai neman zinare, Charles Senter, ya ga jijiyoyin nan masu kalar toka sun cika jikin tsaunin, ya yi rajistar wurin bai ma san mene ne ba, shi ma irin tambayarka ya yi ta yawo da ita, wasu su ce dalma wasu su ce girafait. Sai a 1895 aka tabbatar masa molibdinait ne. Kuma ka san me? Ba ta yi masa wani amfani ba a lokacin, don babu mai saye, duniya gaba ɗaya ba ta buƙatar abin kirki.

Yaƙi ne ya yi masa kasuwa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya aka gane Jamusawa suna sa moli a ƙarfen manyan igwoginsu don kada bakin ya lalace da zafi, Ingila ma ta ga sulken tanka mai moli ko ya fi siranta yana tare harsashi, sai farashi ya tashi, kamfanoni suka ruga tsaunin Bartlett. An fara fitar da kaya sosai a 1918, a watan Nuwamba na shekarar yaƙi ya ƙare, 1919 aka rufe. Ka ga fa, shekara arba'in ana jira, ciniki bai yi shekara biyu ba. Abin da ya ceci kamfanin shi ne sun tashi da kansu sun bi masu ƙera motoci suna nuna musu amfanin ƙarfe mai moli, wato sai da suka gina kasuwar da hannunsu, aka sake buɗewa a 1924. Daga nan abun ya kankama, akwai shekarun da wannan tsauni shi kaɗai ke ba da kashi uku cikin huɗu na molin duniya.

Yadda suke haƙar ma abin ji ne. Ba bin jijiya suke ba, jijiyar da ba ta kai tsinken ashana ba ta yaya za ka bi ta? Tsaunin suke ci gaba ɗaya. Su shiga ƙarƙashin ma'adinin su fafe gindinsa su bar shi ba madogara, sai nauyinsa ya sa ya riƙa ruftowa da kansa yana farfashewa, su kuma suna kwasa ta wasu mazurarai daga ƙasa, har sai da saman tsaunin ya lotsa ya zama wani ƙaton rami. Sun kwashe dutse sama da tan miliyan 400 a wurin. Kuma riƙe wannan lissafin don shi ne amsar tambayarka ta ƙarshe: dutsen Climax, wanda duniya ke ce wa mai kyau, molibdinait ɗin cikinsa wajen kashi 0.3 cikin ɗari ne. Wato tan guda, buhu ashirin na siminti ke nan, a samu kilo uku. Sauran kilo 997 shara ce da sai an nema mata wurin zubarwa.

A wajen 1980 ma'aikata kusan 3,000 ne a Climax, farkon shekarun 1980 farashi ya faɗi warwas aka sallami mutane, garin Leadville ya shiga wani hali, mahaƙar ta yi shekaru a kwance sai 2012 kamfanin Freeport-McMoRan ya sake tada ta, yanzu a buɗaɗɗen rami. Ƙanwarta mahaƙar Henderson, ita ma a Kolorado, misali ce ta wanda zaizaya ba ta kai gare shi ba, yana binne wajen kilomita guda a ƙarƙashin tsaunin da suke kira Red Mountain, da injin huda ƙasa aka gano shi a 1964, ba a fara fitar da kaya ba sai 1976. Shekara goma sha biyu ana kashe kuɗi ko sisi bai shigo ba, har da huda rami mai tsawon kilomita wajen 15 ya ratsa ƙarƙashin tsaunuka don a kai dutsen injin niƙa a ɗaya ɓangaren.

Sauran wuraren zan bi su da sauri. Mahaƙar Knaben a tsaunukan kudancin Norwe an yi haƙa daga 1885 zuwa 1973, kuma saboda Jamus ta dogara da ita bayan ta mamaye ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen ƙawance sun yi mata ruwan bama-bamai har sau biyu a 1943. Chaina da dillalinku ke ambata ita ce kan gaba a yau, wajen kashi 40 cikin ɗari na duniya, daga tsaunukan Qinling, su Jinduicheng da Luanchuan. Sannan akwai wani abu da ke karya farashi wanda ya kamata ka sani: fiye da rabin molin duniya ba don shi ake haƙa ba, gyara ne a kan cinikin jan ƙarfe. Manyan mahaƙan tagulla na Chile irin su Chuquicamata da El Teniente, da na Peru, da Bingham a Amurka, dutsensu yana da moli ɗan mitsitsi, wani giram 200 ne a tan, amma da yake sun riga sun niƙa dutsen don tagulla, tsame molin ba ya ci musu wani kuɗi. Toh duk wanda zai haƙa moli zalla da waɗannan yake gasa, mutanen da kusan kyauta yake zo musu. Farashin kuma ba shi da alƙibla, a 2002 fam ɗaya na nauyi, wato kusan rabin kilo, bai kai dala 5 ba, 2005 ya haura dala 30, ƙarshen 2008 ya rikito zuwa wajen dala 10, mahaƙar Questa ta Niyu Meziko ma a 2014 aka rufe ta.

Toh mu dawo gida. Eh akwai moli a Najeriya, ba ƙarya dillalin ya yi ba a nan. Duwatsun Jos da 'yan'uwansu, waɗanda muke kira ƙananan giranit don sun fi tsofaffin giranit ɗin ƙasar ƙuruciya, tushen tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne da suka jeru kamar zobba tun daga Azbin a Nijar suka gangaro har Nasarawa, na ɓangarenmu shekarunsu tsakanin miliyan 200 da 140. Kudaru da kake wucewa a hanyar Pambeguwa zuwa Saminaka cikinsu take, haka Kagoro, haka Riruwai ta Kano. Kuma abin da zai ba ka sha'awa, dangin giranit ɗin Climax ne, duk suna da sinadarin fulorin da yawa, duk ana samun tofaz a cikinsu, har ma Climax ta yi shekaru tana tsamo kuza da wulfuram, wani ƙarfe mai nauyi da tauri, a gefe. Kamar 'yan gida ɗaya ne, can moli ne babba kuza ƙarami, nan kuza da kolombait ne manya moli ɗan auta. An daɗe da sanin molibdinait a dutsen Kigom kusa da Jos, ana ganinsa jefi-jefi a jijiyoyin Riruwai. Amma babbar mahaƙar moli irin ta kamfani babu ita a ƙasar nan.

Dalili a ganina biyu ne. Ɗaya halin giranit ɗin namu, ya fi karkata ga tara kuza. Ɗayan shekaru, namu sun ninka na Kolorado sau biyar ko shida a tsufa, an daɗe ana zaizayar su, kuma kuzar da Turawa suka yi ta kwasa a rafukan Filato tun farkon shekarun 1900 ita kanta shaida ce cewa rufin duwatsun da yawa ya riga ya zube. Nan ne bambancin da nake so ƙaninka ya gane yake. Kuza tana da tauri tana da nauyi, in dutse ya ruɓe ita ba ta ruɓewa, sai ta gangara rafi ta kwanta a ƙasan yashi, wato Allah Ya riga Ya niƙa Ya tace maka, kai dai ka zo da ƙwarya ka wanke. Shi ya sa talaka da shebur da ƙwarya yake cin abinci a kuza da zinare. Moli ba haka yake ba. Taushi gare shi, yana murƙushewa, kuma ruwa ba ya jiƙa shi, ka kankare ɗan gari ka barbaɗa a kofin ruwa ka gani, sai ya yi ta yawo a sama kamar an zuba toka mai maiƙo duk da nauyinsa. Ba ya taruwa a rafi, ba a wanke shi da ƙwarya, in ka gwada ma shi ne zai fara bin ruwa ya bar maka yashi.

Wannan ƙin ruwan nasa da shi kamfanoni ke kama shi. A niƙa dutse ya yi laushi kamar garin tuwo, a dama da ruwa a manyan tankuna, a ɗiga ɗan mai irin dizal, a hura iska ta ƙasa, sai molin ya manne a jikin kumfa ya taso sama a kwashe, a maimaita sau da yawa har a samu gari mai moli wajen kashi 50 cikin ɗari, sannan a gasa shi a zafin digiri 500 zuwa 650 farar wutar ta ƙone ta fita. Duk wannan wuta ce da ruwa da injina, ba aikin janareto ɗan ƙarami ba ne.

Na taɓa zuwa wani ƙauye a gindin ɗaya daga duwatsun nan, wani dattijo ya shiga ɗaki ya fito min da gwangwanin madara cike da fallayen moli, wallahi masu kyau, wasu sun kai faɗin farcen babban yatsa, masu kusurwa shida, irin wanda ɗalibi zai gani ya yi ta murna. Na ce baba kai ni wurin. Muka hau, jijiya ce guda ɗaya faɗinta kamar tafin hannu, molin yana nan ɗigo-ɗigo a gefenta, muka bi ta taku kamar talatin ta sirance ta ɓace cikin giranit. Na ce wata nawa ka yi kana tara wannan, ya ce tun bayan girbi, kuma lokacin ana shirin shuka. Na zaga ko'ina ina fasa dutse ina neman siraran jijiyoyin nan masu sarƙewa, ko ɗaya ban gani ba. Abin da mutane ba sa ganewa ke nan, manyan fallaye masu ɗaukar ido sau da yawa a 'yar ƙaramar jijiya suke, dutsen Climax kuwa in na miƙa maka shi za ka iya jefar da shi, don ba ya wani ƙyalli, zane-zane ne kawai masu duhu kamar an ja fensir a jiki.

Saboda haka maganar zuba kuɗi, ni dai ban ba ka shawarar ka sayar da fili ko ka ci bashi a kan dutse ɗaya da maganar dillali ɗaya ba. Ka fara da gwajin kofin nan yau. In ya nuna kore, ka kai samfur ɗakin gwajin Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa, a nan Kaduna yake ba sai ka je Abuja ba, amma kada ka zaɓi mai kyan ka kai, yaudarar kai ce, a sassaro daga wannan gefen jijiyar zuwa wancan har da dutsen da ke kewaye a haɗa, kuma ka ce su duba maka kuza da wulfuram da dalma a ciki, don ba mamaki abin da zai biya ku yana gefen molin ne kuna kallon mai ƙyalli. Shi kuma dillalin ka tambaye shi nawa yake sayen kilo, a kan kashi nawa cikin ɗari, wa zai yi gwajin, kuma kuɗi hannu ne ko sai kaya sun isa Legas. In ya ce ku fara tara masa tirela guda tukunna, ka san inda aka dosa. In kuwa yana biya nan take a kan abin da aka tsinto da hannu, toh ku sayar masa da wanda ke akwai, ba laifi, amma kada a faɗaɗa rami da kuɗin aro. Ga kuma maganar takarda, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, izinin mai gona ko na mai unguwa ba lasisi ba ne, akwai lasisin ƙananan masu haƙa da ake nema a ofishin rajistar ma'adinai, kuma ya fi sauƙi in ƙungiya aka yi.

Ƙaninka kuma ka ja masa kunne a kan ƙura, fasa kwaz a busasshe cikin rami yana cinye huhu a hankali, ba a jin sa sai bayan shekaru, su riƙa yayyafa ruwa suna rufe hanci da abin kirki ba ƙyalle ba. In ka yi gwajin ka ɗauko min hoton zanen a jikin kofin da rana, da hoton dutsen an ajiye murfin biro a gefensa don in ga girma, sannan ka ce masa in ya koma ya ɗauko min hoton bangon ramin kansa, ina so in ga jijiya ɗaya ce ko suna da yawa suna ratsa juna.